Addinin gargajiyar Ket da Selkup: me ya rage a bakin kogunan Saberiya?

Ƙidayar jama'a da Rasha ta yi a 2021 ta nuna cewa 'yan ƙabilar Ket 1,088 suka rage, Selkup kuma 3,458. A ƙidayar 2010 Ket 1,219 ne, Selkup 3,649. A ta 2002 kuwa Ket sun kai 1,494, Selkup 4,249. Kowace ƙidaya ƙasa take yi. Ana cikin haka, a 2020 gwamnatin Rasha ta yi wa dokar ƙananan ƙabilun asali gyara, ta ce hukumomi za su riƙa duba wata rajista ta musamman kafin su bai wa mutum haƙƙoƙin da doka ta ware wa waɗannan ƙabilu, irin su kamun kifi da farautar gargajiya.

Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, akan haɗa shi da hoton wani mutum sanye da rigar fata yana kaɗa ganga, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa shaman ne na Saberiya, wato mai hulɗa da iskoki don neman wa mutane lafiya. Hoton ya ƙara yaɗuwa tun 2019, lokacin da Aleksandr Gabishev, ɗan ƙabilar Yakut, ya kama hanyar Mosko a ƙafa yana cewa zai kori Shugaba Putin da ikon iskoki. Mai kallo daga nesa sai ya ɗauka Saberiya addini ɗaya gare ta, kuma mai gangar nan shi ne addinin gaba ɗaya. Game da Ket da Selkup wannan fahimta ta gaza ƙwarai. Shaman ma'aikaci ɗaya ne a cikin wani tsari mai faɗi da ya tsaya a kan kogi da farauta da zumunta. Shi ya sa dokar da ta shafi kifi da daji take taɓa addinin nan ko da ba ta ambaci sunansa ba.

Su wane ne mutanen nan biyu

Ket suna zaune a tsakiyar kogin Yenisei da rassansa, galibi a gundumar Turuhansk ta yankin Krasnoyarsk. Sanannun ƙauyukansu su ne Kellog a bakin kogin Yelogui, da Surgutiha, da Maduika, da Sulomai. Tun asali mafarauta ne kuma masunta. Da sanyi sukan shiga kurmi neman kurege da sauran dabbobi masu gashi, idan ƙanƙara ta narke su sauko bakin ruwa su kafa bukkokin ɓawon itace su kama kifi. Harshensu ne ya fi yi musu suna a wajen masana, domin shi kaɗai ya rage cikin dangin harsunan Yenisei. 'Yan uwansa irin su Kott da Arin da Pumpokol sun mutu tun ƙarni na 18 da na 19, Yug kuma ya bi su a ƙarni na 20. A 2008 masanin harshe Ba'amurke Edward Vajda ya gabatar da hujjojin cewa harshen Ket yana da dangantaka da harsunan Na-Dene na Arewacin Amurka, cikinsu har da Nabaho. Wasu masana sun karɓa, wasu suna ganin hujjar ba ta isa yanke hukunci ba tukuna.

Selkup daban suke ta wajen harshe. Nasu na cikin reshen Samoyed, ɗan uwan harshen Nenets, kuma yana da dangantaka ta nesa da harsunan Finlan da Hangari. Sun kasu biyu. Na kudu suna jihar Tomsk, a bakin Ob da rassansa irin su Tim da Parabel. Na arewa suna bakin kogunan Taz da Turuhan, a ƙauyuka irin su Krasnoselkup, Tolka, Ratta da Farkovo. Rabuwar ta samo asali ne daga zuwan Rashawa. A ƙarshen ƙarni na 16 wani sarkinsu mai suna Vonya ya ƙi biyan haraji, Rashawa suka gina sansanin Narim a tsakiyar ƙasarsu suka karya ƙarfinsa, a ƙarni na 17 kuma wani ɓangare na Selkup ya yi ƙaura zuwa arewa. Can ne suka zama maƙwabtan Ket na ƙut da ƙut, aka yi auratayya, aka ari al'adun juna.

Tsofaffin littattafan Rashawa suna kiran ƙabilun biyu da suna kusan ɗaya: Ket su ne Ostiyak na Yenisei, Selkup kuma Ostiyak-Samoyed, sai a shekarun 1930 aka koma ga sunayen da suke kiran kansu. Akwai kuma wani kogi a jihar Tomsk mai suna Ket, amma Selkup ne ke zaune a bakinsa. Wannan ya sha rikita masu karatu.

Duniyar da aka shimfiɗa a kan kogi

Manyan kogunan wannan ƙasa, Yenisei da Ob da Taz, duk daga kudu suke gangarowa su nufi arewa su zube a tekun ƙanƙara. Wanda ya rayu a bakinsu yana gani da idonsa cewa ɗumi daga kudu yake zuwa, ƙanƙarar kogi daga can take fara fashewa, garken dinya da agwagi ma daga can suke ɓullowa bayan watannin yunwa. Abin da ruwa ya tafi da shi arewa kuwa ba ya dawowa. A kan wannan gani mutanen biyu suka gina taswirar duniyarsu: mafarin kogi wajen rai ne da haihuwa, ƙarshensa wajen ciwo da mutuwa, 'yan Adam kuma suna tsakiya. Suna da wata taswirar ta tsaye, mai sama da ƙasa da ƙarƙashin ƙasa, amma biyun sun shiga juna, har ya zama idan an ce arewa ko gangaren kogi ko ƙarƙashin ƙasa, kusan wuri guda ake nufi.

A wurin Ket babban abin bauta shi ne Es, sunan da kuma suke kiran sararin sama da shi. Yana can saman sammai bakwai, mai alheri ne, sai dai ba ya cika sa hannu a harkokin yau da kullum. Wadda take kusa da mutane, wadda kuma ake tsoro, ita ce Hosedam. Labarin da Vasili Anucin ya rubuta daga bakinsu a farkon ƙarni na 20 ya ce matar Es ce, ta ci amanarsa ta koma wajen Wata, shi kuma ya jefo ta ƙasa. Ta ƙare a wani tsibiri can arewa inda Yenisei ya faɗa teku, daga nan take aiko da cuta tana cin kurwar mutane. Akasinta ita ce Tomam, uwar kudu. Idan sanyi ya kau sai ta tsaya a saman kogi ta kakkaɓe hannayen rigarta, gashin da ya zubo ya rikiɗe ya zama tsuntsayen da ke tashi zuwa arewa. Ga mutanen da abincinsu kan ƙare kafin sanyi ya ƙare, zuwan tsuntsayen nan tsira ce daga yunwa.

Tsakanin matan nan biyu akwai jarumi Alba, wanda ya fafari Hosedam daga kudu har arewa. A hanya ya sare duwatsu ya buɗe wa Yenisei mafita, kuma Ket suna nuna wurin: mashigin duwatsun Osinovo, kaɗan sama da inda kogin Podkamennaya Tunguska ya haɗu da Yenisei. Farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama da dare, hanyar Alba suke ce masa. Akwai kuma Doh, shaman na farko kuma mafi girma, wanda na bayansa ke ambata cikin waƙoƙinsu. Game da mutuwa, suna da labarin cewa Es ya aiko kare da saƙon yadda za a yi da mamaci don ya tashi, karen ya murɗe saƙon ya ce a binne shi a ƙasa, tun daga nan mutane suke mutuwa ba dawowa.

Selkup suna kiran nasu abin bautar sama Nom ko Num. Mai mulkin duniyar ƙasa shi ne Kizi, tushen cuta da ɓarna. A mafarin kogin duniya akwai Ilinta kota, tsohuwar rai, cikin gidan ƙarfe mai ɗakuna bakwai. Kusa da gidan akwai bishiyar da kurwar waɗanda ba a haifa ba tukuna ke zaune a cikinta, ita ce kuma ke turo su duniya ɗaya bayan ɗaya. Matattu kuwa suna bin ruwa su gangara zuwa tekun matattu a arewa. Tsakanin iyakokin nan biyu duniya cike take da lozi, iskokin da kowannensu ke da wurinsa: mai daji, mai ruwa, mai wani tafki ko wani tudu. Jarumin tatsuniyarsu shi ne Ica, maraya mai wayo da ke zaune da kakarsa. Shi ya kashe ƙaton nan mai cin mutane, Punegusse, ya ƙone gawarsa, tokar ta tashi ta zama sauro. Duk wanda ya san yadda sauro ke rufe kurmin Saberiya idan ƙanƙara ta narke zai gane abin da labarin yake bayani a kai.

Haka nan hauren giwar zamanin da mai gashi, wanda kan fito daga gaɓar kogi idan ruwa ya zaizaye ta. Mutanen biyu sun ɗauka dabbar tana raye a ƙarƙashin ƙasa, ita ke rusa gaɓa, har suna cewa wani babban kifi mai haƙora idan ya tsufa ƙwarai yakan rikiɗe ya zama ita.

Aikin shaman da iyakarsa

Kalmar shaman daga harshen Evenki take, wata ƙabilar Saberiya, Rashawa suka ɗauka suka yaɗa a duniya. Ket suna kiran nasu senang, Selkup na arewa kuma tetipi. Ba limami ba ne mai jagorantar ibada a kai a kai. A zamanin da ake da shi, yana farauta yana kamun kifi kamar kowa, ana neman sa ne idan wani abu ya ɓaci: ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mafarauci ya ɓata a daji, ko dabbobi sun yi ƙaranci.

Tushen aikinsa yana cikin fahimtarsu game da kurwa. Ket suna cewa mutum yana da kurwa bakwai, babbar cikinsu ita ce ulvei. Tana iya yin nisa da mai ita, ko Hosedam ta kama ta, sai mutum ya kwanta ciwo. Aikin senang shi ne ya bi sawunta ya dawo da ita. Selkup suna da irin wannan tunani game da kurwar da suke kira ilsat. Mai karatu Bahaushe zai tuna da bori, kuma akwai kamanni wajen kiɗa da iskoki da neman lafiya. Bambancin shi ne a bori iska ce ke zuwa ta hau mutum ta yi magana da bakinsa, a nan kuwa shaman ne ke tara iskokinsa su raka shi tafiya zuwa wata duniyar, yana tafe yana ba masu sauraro labarin abin da yake gani cikin waƙa.

Baiwar gado ce, takan bi jini daga kaka zuwa jika, kuma mace ma tana iya samu. Takan fara da wani irin ciwo mai kama da taɓin hankali, saurayi ya riƙa gudu daji, har sai ya sami waƙarsa ta kansa wadda iskokin kakansa za su amsa. Kayan aiki kuma ba rana ɗaya ake ba shi ba. Da makaɗi kaɗai yake farawa, ba ganga. Sai bayan shekaru, idan jama'a sun ga ƙarfinsa ya ƙaru, a yi masa ganga mai fuska ɗaya mai faɗi, daga baya riga mai rataye da ƙarafa, a ƙarshe hular ƙarfe mai ƙahon barewa. Dangi ne ke haɗa masa kayan nan da hannunsu, wanda ke nuna cewa babu shaman sai da jama'ar da ta yarda da shi.

Georgi Prokofiyev, wanda ya koyar tare da matarsa Yekaterina a makarantar Yanov Stan a bakin Turuhan daga 1925 zuwa 1928, ya bayyana bikin rayar da ganga na Selkup. A wancan zamani ana yin sa ne lokacin da tsuntsaye ke dawowa, yana ɗaukar kwana 10. Sabuwar ganga matacciya ce har sai shaman, cikin waƙa, ya tattaro duk ɓarɓashin itacen da aka sassaƙa ta da shi da duk abin da ya rage na barewar da aka ɗauki fatarta, ya haɗa su. Daga nan gangar ta zama barewa mai rai, ya hau ta ya nufi kudu, ƙasar da rana bakwai ke haskawa. Dukan dangi suna wurin, a ƙarshe a yi walima a ciyar da gumakan kakanni. Selkup suna da zama iri biyu: na bukka mai haske, da wuta da ganga, don tafiya sama, da na bukka mai duhu, inda shaman ke zama a kan fatar beyar ya nufi duniyar ƙasa. Ket kuma suna da wani mai sani daban da senang, wanda suke kira bangos, shi harkarsa da ƙasa ce da dare.

Abin da ke cikin gida da cikin daji

Mafi yawan addinin nan ba ya buƙatar shaman ko kaɗan. A da kowane gidan Ket yana da alel, 'yan tsana na itace da ba su wuce tsawon tafin hannu ba, naɗe da guntayen fata da ƙyalle, da idanun duwatsun ado. Ana ɗaukar su tsofaffin matan gida, suna barci da rana, da dare su yi gadi su kori miyagun iskoki. Ana ba su abinci, ana sake musu tufafi, kuma ɗan auta ne ke gadonsu. Ba a cika nuna wa baƙo su ba. Akwai kuma dangols, siffar wani mamaci na gidan da ake ajiyewa. Wutar murhu uwa ce a wurinsu: ba a tsokane ta da wuƙa, ba a zuba mata shara, ana jefa mata ɗan abinci kafin a ci.

A daji Ket suna da holai, wuraren da aka kafa itatuwa masu sassaƙen fuska, na wani dangi ko wani yanki. Selkup suna da bishiyoyin sadaka da ake ɗaura wa ƙyalle: fari a kan bishiyar nan mai farin ɓawo don duniyar sama, baƙi a kan itacen al'ul don duniyar ƙasa. Idan an yi jana'iza akan karya kayan mamaci kafin a bar masa su a kabari, jirginsa na ruwa ko abin jansa na kan ƙanƙara, saboda a can komai a juye yake, abin da ya karye a nan shi ne lafiyayye a can.

Babu inda tsarin ya fi fitowa fili kamar a bikin beyar na Ket. Beyar a wurinsu wani ɗan uwa ne da ya mutu ya dawo cikin wata siffa, kaka suke ce masa. Ba a cewa an kashe shi, cewa ake yi ya zo baƙunta. Da zarar ya faɗi, mafarauci zai yanke tafin ƙafarsa ta gaba ya jefa sama yana tambaya: kai ne wane? Idan tafin ya faɗi yana kallon sama, amsar e ce. Idan ya kife, sai a ambaci wani sunan a sake jefawa. Da haka ake sanin wanene baƙon da kuma kwana nawa yake so ya yi. A zana siffarsa a kan ɓawon itace, a ajiye masa abinci, a ci namansa cikin ladabi. Ƙasusuwan ba a karya su, ba a jefa wa kare, a gaɓa ake raba su, a tattara a mayar daji don ya sake rayuwa. Cikin biki ɗaya an haɗa farauta da zumunta da imani game da lahira, kuma dattijon gida ne ke jagoranta.

Yadda abin ya kai ga haka

Rashawa sun kafa garin Mangazeya a bakin Taz a 1601, daga nan suka ɗora wa mutanen yankin yasak, harajin da ake biya da fatun dabbobi. Cututtuka irin su agana suka biyo baya suka rage jama'a. A ƙarni na 18 Cocin Otodoks ya yi wa yawancinsu baftisma, suka karɓi sunayen Rashawa. Sai dai limaman coci kaɗan ne, ƙasar kuma faɗi gare ta, don haka a gidaje da yawa hoton waliyyin coci da alel suka zauna tare. Selkup na kudu, da suke cakuɗe da manoma Rashawa, su ne suka fi saurin sauyawa.

Babban karayar ta zo ne a zamanin Sobiyet. A shekarun 1930 aka tara mutane cikin ƙungiyoyin aiki na gwamnati, aka sa shaman cikin jerin masu cin gumin talaka, aka ƙwace ganguna, aka ɗaure wasu. Yankin Narim ya zama wurin da ake jibge dubban manoman da aka koro daga wasu sassan ƙasar, har Selkup na kudu suka zama 'yan tsiraru a ƙasar kakanninsu. Daga shekarun 1950 aka riƙa rufe ƙananan ƙauyuka ana haɗe mutane a manya, yara kuma suna makarantun kwana inda Rashanci kaɗai ake yi.

Za a iya cewa makarantar kwana ta fi kurkuku yi wa addinin illa. Baiwar shaman daga kaka take zuwa, waƙarsa cikin harshen gida take, masu sauraro kuma sai sun ji harshen kafin su amsa masa. Yaron da ya yi wata tara a shekara nesa da kakarsa ya dawo da Rashanci, sarƙar ta tsinke ba tare da an kama kowa ba. Masu binciken da suka zauna da Ket a 'yan shekarun nan sun ce babu sauran senang irin na da, masu jin harshen sosai kuma 'yan tsofaffi ne ƙalilan. Selkup na arewa sun fi riƙe harshensu, karin harshen kudu kuwa ya kusa ƙarewa.

Inda ra'ayi ya sha bamban

Kusan duk abin da aka sani game da addinin nan baƙi ne suka rubuta shi: Anucin tsakanin 1905 da 1908, Kai Donner ɗan Finlan daga 1911 zuwa 1913, iyalan Prokofiyev, sai Yevgeniya Alekseyenko wadda ta shafe shekaru tana zuwa wurin Ket tun daga shekarun 1950. Dukansu sun iso ne bayan an daɗe da yi wa mutanen baftisma. Saboda haka wasu masana ke zargin cewa hoton mai alheri a sama da mugu a ƙasa, Es da Hosedam ko Nom da Kizi, wa'azin coci ne ya ƙara masa kaifi. Masu ja da wannan suna cewa sunayen tsofaffin kalmomin gida ne na sararin sama, Nenets ma suna da Num, kuma Hosedam, matar da aka saka ta koma cin kurwa, ba ta da takwara a koyarwar Kirista. Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi game da asali, ko da yake ba a rasa tasirin coci a yadda aka riƙa ba da labaran daga baya.

Saɓani na biyu shi ne ko tatsuniyoyin tarihi ne. Andrei Dulzon na Tomsk ya nuna cewa koguna da yawa a kudancin Saberiya suna ɗauke da sunaye daga harsunan Yenisei, alamar cewa kakannin Ket daga kudu suka taso. Wasu na karanta tafiyar Alba da ƙaunar Tomam a matsayin tunawa da wannan ƙaura. Wasu kuma na jan hankali cewa Selkup, masu wani asalin daban, su ma sun ɗora rai a kudu mutuwa a arewa, don haka kogin da yanayin ƙasar sun isa su haifar da wannan tunani.

Na uku ya fi shafar mutanen kansu: addinin ya mutu ko yana nan? Masu cewa ya mutu suna nuni da rashin shaman, suna kallon bukukuwan al'ada da ake shiryawa yanzu, irin na Parabel a jihar Tomsk, a matsayin wasan kwaikwayo don baƙi. Masu cewa yana nan suna nuni da gidajen da har yau ke ɓoye alel, da mafarautan da ke ciyar da wuta suna girmama beyar, da ƙyallen da ake gani ɗaure a bishiyoyi. Amsar ta dogara ne da ko mutum ya ɗauki shaman a matsayin addinin duka ko wani sashe nasa.

Abin da sabuwar rajista ke nufi ga mutumin ƙauye

Dokar ƙananan ƙabilun asali ta 1999 ta ware haƙƙoƙi ga ƙabilun da yawansu bai kai 50,000 ba kuma suke zaune a ƙasar kakanninsu kan sana'ar gargajiya. Ket da Selkup suna cikin ƙabilu 40 na Arewa da Saberiya da Gabas Mai Nisa da aka amince da su. Gyaran 2020 ya ɗora wa hukumar tarayya mai kula da harkokin ƙabilu alhakin riƙe rajistar mutum ɗaya-ɗaya. Masu goyon baya suna cewa hakan zai toshe kafar masu shiga rigar 'yan asali don samun rabon kifi, kuma wanda ya shiga sau ɗaya ya huta da yawo da takardu. Masu suka suna cewa nauyin hujja ya koma kan talaka. Katin shaidar ɗan ƙasa na Rasha ya daina nuna ƙabila tun 1997, don haka sai mutum ya nemo tsohuwar takardar haihuwa tasa ko ta iyayensa, ko ya je kotu, daga ƙauyen da ba a isa sai ta jirgin ruwa ko jirgi mai saukar ungulu.

Ga mai gida a Kellog ko Ratta, lissafin a bayyane yake. Idan bai shiga rajista ba, kamun kifinsa da farautarsa suna iya zama laifi. Idan ya bar daji ya koma gari, babu beyar da zai zo baƙunta, babu mai kai ƙyalle bishiyar dangi. Dokar addinai ta 1997 ba ta taimake shi ba, domin tana hulɗa ne da ƙungiyoyi masu rajista. A Tuva da Buryatiya, wasu yankunan kudancin Saberiya, masu bin shaman sun kafa irin waɗannan ƙungiyoyi, amma addinin da ke zaune a cikin akwatin gida da bakin murhu ba shi da shugaba ko ofis. A idon hukuma yakan fito ne a matsayin al'ada, gangunansa da rigunansa kuma da yawa suna gidajen tarihi irin su Kunstkamera a San Fitasbag.

Ƙasar ma tana sauyawa. An fara haƙo mai a Vankor, arewacin gundumar Turuhansk, a 2009, ana kuma haƙo gas a Yuzhno-Russkoye cikin gundumar Krasnoselkup tun 2007. Gandun dajin Tsakiyar Saberiya da aka kafa a 1985 da na Saman Taz da aka kafa a 1986 suna kare kurmi daga injuna, amma suna taƙaita farauta a cikinsa. Dokar 2001 ta ba da damar ware yankunan sana'ar gargajiya, sai dai waɗanda aka ware a matakin jiha da gunduma suke, ƙarfinsu a gaban lasisin tarayya kuma kaɗan ne.

Wuraren tsarki su ne suka fi shiga tsaka mai wuya. Holai ko bishiyar sadaka ba su da katanga ko takardar mallaka, mai auna hanyar bututu yana iya wucewa ta kansu bai sani ba. Hukumomin Yamal, yankin da gundumar Krasnoselkup take ciki, sun fara sa wasu wuraren tsarkin ƙabilun yankin cikin jerin kayan tarihin da doka ke karewa. Kafin a yi haka dole dattawa su nuna wa jami'i wurin ya sa a taswira, alhali al'ada ta hana kai baƙo can, kuma a ƙauyuka da dama waɗanda suka san ainihin wuraren tsofaffi ne da 'ya'yansu suka riga suka koma gari.